Liba Tsakanin Kujeru Biyu

Hamamatsu, Lahadi 7 ga Satumba 1997, ƙarfe biyu da minti arba'in na rana. Ina ɗakina a gidan ma'aikatan kamfani, taga a buɗe, fanka tana ɗaga takardu sai da na danne su da kofi.

Zuwa ga Kaka Tokuji,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Kaka Yasue. Ina fatan kuna lafiya, na san a Tokachi yanzu da safe har an fara neman riga mai kauri. Ni lafiyata ƙalau. Wata biyar ke nan da fara aiki, kuma har yanzu abin da ake ba ni shi ne in duba zanen famfo da wani ya riga ya duba. Yayarka, kakata, tana nan garau, gwiwa ce kawai.

Kwalin dankali da masara ya iso ranar Alhamis, wasiƙarka tana ƙarƙashin masarar, ta ɗan jiƙe amma ta karantu. Bari in maimaita abin da na fahimta don kada a yi kuskure. A ƙaramin jirgin saman da ka ƙera, ƙananan fikafikan nan na bayan babban fiffike, waɗanda ake lanƙwasawa ƙasa su rage wa jirgi gudu lokacin sauka, yanzu injin lantarki ne ke motsa su in ka danna makunni. Kana so a cire injin, a dasa liba tsakanin kujeru biyu wadda za a ja da hannu kamar hambirkin mota. Kana so ni in yi zanen, maƙwabcinka Onodera ya yi waldar.

Na ji daɗi da ka tuna da ni. Ina shekara tara aka kawo ni gonarku, ka ɗaga ni ka zaunar a cikin jirgin tun yana ƙashin katako a rumfa, ba fata ba inji. Warin gam ya cika wurin, tsuntsaye suna ratsawa ta tsakanin haƙarƙarinsa su fita ta ɗaya gefen, kai kana yi min ƙarar inji da baki. Har yau in na rufe ido ina ganin kamar mun tashi ranar.

Amma akwai abin da ya hana ni fara zanen. Liba tana da haɗarin da makunni ba shi da shi. Iska tana tura ƙananan fikafikan sama da ƙarfi, kuma duk wannan ƙarfin hannun mutum ne zai tare shi. In hannu ya suɓuce kusa da ƙasa, fikafikan za su koma sama tashi ɗaya, jirgin ya nutse kafin ka ankara. Saboda haka na duba awon da ka aiko sau uku. Ka rubuta cewa hannun da zai ja libar ƙarfinsa kilo goma sha uku ne. Ka rubuta cewa daga kafaɗa zuwa mariƙi santimita hamsin da huɗu ne. Sannan ka ce maɓallin da ke kan libar a karkatar da shi ya dace da babban yatsan hagu, alhali kai a kujerar hagu kake zama, libar tana damanka.

Ina tsammanin an sami kuskure wajen kwafa. Don girmanka ka sake aunawa, ka kuma gaya min me ya sami injin lantarkin. Ba zan aiko da zane ba sai na fahimci waɗannan lambobin. Ka yi haƙuri da ni.

Jikarka,
Kotone

*

Tokachi, 15 ga Satumba

Injiniya,

Mun gaisa. Muna lafiya. Ana haƙar dankali, bana ya yi kyau, sai dai ƙanana sun yi yawa.

Babu abin da ya sami injin lantarki, yana nan yana kukansa kamar sauro. Laifinsa ɗaya, kurma ne. Ka danna, ya yi zuuu, shi ke nan, ba ka san me iska take ciki ba. Liba kuwa iska tana shigowa ta cikinta har tafin hannu. In tana da nauyi a ji, in ta yi laushi a ji, ko da ido a rufe.

Lambobi daidai suke. Da sikelin da nake auna wake na auna, sikelin nan ya girmi uwarki kuma bai taɓa cutar kowa ba. Na ce hagu, hagu nake nufi. Shekara huɗu aka yi ana koya miki tambaya, ko an ɗan koya miki zane a ciki?

Ki hanzarta. Onodera zai tafi aikin gini a kudu ƙarshen Oktoba, ba zai dawo ba sai ƙanƙara ta narke. In dusar ƙanƙara ta rufe filin da jirgin yake tashi, an gama sai baɗi, kuma baɗi ban san ko libar za ta yi wani amfani ba. Bana nake so.

Ki ci masarar kafin ta bushe. Kada ki gaya wa kakarki komai, bakinta ya fi rediyo nisa.

Tokuji

*

Hamamatsu, Asabar 20 ga Satumba, ƙarfe goma da kwata na safe, ana ruwa tun jiya.

Zuwa ga Kaka Yasue, ke kaɗai,

Ina gaishe ki da aiki, ina fatan bayanki ya yi sauƙi da wannan haƙar dankalin. Na rubuta sunanki kaɗai a kan ambulan, kuma ina roƙonki kada Kaka Tokuji ya ga wannan takarda.

Ina jin Kaka ba shi da lafiya, kuma yana ɓoyewa. Ba zargi nake yi haka kawai ba, ga abin da na gani. Mutumin da na sani yana ɗaga buhu mai kilo sittin ya ɗora a mota, yau ya rubuta da hannunsa cewa kilo goma sha uku kawai yake iya ja. Tsawon hannun da ya ba ni ya gaza na mutum mai tsayinsa da kusan santimita tara, wato kafaɗar ba ta miƙewa. Yana so ya ja libar da hagu, ya ƙetaro jikinsa, wato hannun dama ya daina aiki. Na je ɗakin karatu na birni na duba littattafan likita biyu, duka sun nuna abu guda, shanyewar ɓarin jiki, ƙarama wadda mutum kan tashi da ita da safe ya yi shiru da bakinsa. Sannan ya rubuta cewa baɗi bai san ko libar za ta yi amfani ba, kuma kada in gaya wa kakata.

Kaka, mutum mai hannu ɗaya ba zai riƙe sandar tuƙi ya ja liba a lokaci guda ba. In na yi masa wannan zane, ni ce na ƙera abin da zai kashe shi. Kwana biyu ke nan ina mafarkin filin nan naku, ciyawa ta yi tsawo har ƙugu, jirgin yana saukowa a hankali ba ƙara, yana ta saukowa bai taɓa ƙasa ba, ni kuma ina tsaye da biro a hannu.

Na yanke shawara ba zan aiko da zanen ba. Zan riƙa ja masa rai har Onodera ya tafi. Ke kuma ki kai shi asibiti a Obihiro, ki ce ke za a duba in ya ƙi. In kin san inda yake ajiye makullin jirgin, ki ɗauke. Na san ba tarbiyya ba ce yarinya ta shiga tsakanin manya, ki yafe min.

Kotone

*

Hamamatsu, Talata 7 ga Oktoba, lokacin hutun cin abincin rana.

Kaka Yasue,

Gaisuwa. Sama da mako biyu ban ji daga gare ki ba. Na buga waya ranar Lahadi, Kaka Tokuji ne ya ɗauka. Ya ce, "Wa ke magana? Likitan Hamamatsu? Gawar tana gona, a sake bugowa," ya ajiye. Muryarsa ba ta karkace ba, na saurara da kyau, amma littafin ya ce ba kullum take karkacewa ba.

Ban san ta yaya ya ga takardar ba. In na jawo miki faɗa, laifina ne. Ki rubuto ko layi ɗaya.

Kotone

*

Tokachi, ban san kwanan wata ba, an fara yankan jan wake

Kotone 'yar albarka,

Kada ki yi dariyar wannan takarda. Bayan tsohuwar kalanda ce, kuma da alƙalamin da muke rubuta suna a jikin buhu na rubuta, shi ya sa harafi ɗaya ya kai ƙwai. Muna lafiya, ni da tsohon. Bayana ya yi sauƙi.

Kin ce kada ya ga takardarki. To wa zai karanta min? Shekara biyu ke nan duk wasiƙar da ta shigo gidan nan shi yake karanta min ita. Ya zauna, ya saka tabarau, ya gyara murya kamar mai labarai, ya karanta "ke kaɗai", ya ce, "Yasue, ashe kina da asiri." Na ce, "Karanta, malam." Ya yi ta karatu. Da ya zo wurin shanyewar ɓarin jiki sai ya ɗago kai. Ya ce, "Wai ni?" Na ce, "To da ni?" Da ya zo wurin makulli ya ninke takardar ya tura a aljihu ya fita. Ta taga na hango shi ta gefen ido yana ta jifan buhuna a bayan mota da hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, buhunan da ba inda za a kai su. Kwana da kwanaki ya ƙi ƙarasa min. Sai da na daina saka masa gishiri a miya.

Hannun nawa ne, 'yar nan. Kilo goma sha ukun nawa ne, gajeren hannun nawa ne, hagun ma nawa ne, tunda a kujerar dama zan zauna. Shi ya ɗaure sikelin a ƙafar tebur ya ce in ja, na ja har na ga taurari, ya ce, "Wannan ai ko kyanwa ta fi ki." Na ce ya rubuta haka nan.

Idona ne. Tsakiyar ganina ta tafi. Duk abin da na kalla, sai in ga wani farin wata mai toka ya zauna a kansa, gefe da gefe kuma duniya tana nan da launinta. Fuskar tsohon ban gan ta ba tun bara, sai kunnuwansa, kuma ba su ne suka fi kyau a jikinsa ba. Watan yana girma. Likita ya ce zuwa bazara watakila haske da duhu kawai zan riƙa bambantawa. Ni na hana a gaya wa dangi, domin kakarki in ta ji, gobe za ta iso da akwati ta ce mu bar gona mu koma birni kusa da asibiti.

Tun da ya gama jirgin nan ban taɓa shiga ba. Ba tsoro ba ne, aikina a ƙasa yake. Nakan tsaya a ƙarshen fili da farin tawul, in ɗaga ya ga inda iska take kaɗawa, in tsaya har ya sauka. A watan Yuni na tsaya kamar kullum, ina jin ƙararsa, ina juya kai ina nemansa, ya shige cikin watan nan nawa bai fito ba. Sai ji na yi an kashe inji a bayana. Ya sauka tuntuni ni ina ɗaga wa sama tawul. Da muka zauna cin abinci na ce masa, "Tunda ba na ganinka daga ƙasa, gara in shiga ciki."

Ya ce, "Shiga mana, kujera tana nan tana jiran ki shekara huɗu."

Na ce, "In yi me a ciki?"

Ya ce, "Ki zauna."

Na ce, "Ni buhun dankali ce?"

Ke ba ki san yadda muke aiki ba. Shekara arba'in da shida, duk injin da ya shigo gonar nan, shi yana gaba yana tuƙi, ni ina baya da liba a hannu. Injin shuka, injin haƙar dankali, na yankan wake. Ba ya waiwayowa, ba na kiran sa. In ƙasa ta yi tauri ina ji a hannuna kafin shi ya ji a kujera, in ɗaga. In mun zo ƙarshen kunya na san lokacin ba tare da an gaya min ba. Ban iya zama kusa da mutumin nan hannu sake ba, ban san me zan ce masa ba. Shi ne ya yi kwana biyu yana zagaya jirgin, sannan ya shigo ya ce, "Akwai aiki guda da za a iya mayarwa na hannu."

Abin da nake so ba shi da yawa. In ga gonakin nan daga sama ta gefen ido tun gefen yana nan, launin ƙasar da aka haƙe da koren alkamar da ta fito, da layin itatuwan da ke tare iska. Ya ce daga can kogin kamar zare yake da aka yar. In mun juyo gida kuma ya ce "yanzu", in ja, in ji nauyin iskar da ya daɗe yana ba ni labari. Shi ke nan.

In kin ga hannuna ba zai iya ba, ki faɗa kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Tsoronki na hannu ya suɓuce gaskiya ne, shi ma sai da ya maimaita wurin nan da yana karantawa. Ke kika san lissafin, mu ba mu sani ba. Amma ki faɗa da wuri, Onodera ya fara wanke kayan tafiya.

Ki riƙa cin abinci. Rubutunki kamar na mai jin yunwa.

Yasue

A ƙasa, da ƙananan haruffa: Injiniya, ɓarin jikina da ya shanye yana gaishe ki. T.

*

Hamamatsu, Litinin 20 ga Oktoba 1997, ƙarfe takwas da minti hamsin na safe, a kan bencin gidan waya, ina jiran a buɗe.

Zuwa ga Kaka Tokuji da Kaka Yasue, tunda na gane wasiƙa ɗaya ce,

Ina gaishe ku da yankan wake. Kaka Tokuji, ka yafe min, na kashe maka hannu da biro. Kaka Yasue, na shimfiɗa kalandar a ƙasa na karanta a durƙushe, ɗakin bai ishe ta ba. Ban gaya wa kakata ba. Amma ina ganin ke ya kamata ki gaya mata kafin bazara.

Zanen yana cikin wannan ambulan, takarda huɗu. Amsar tambayarki ita ce hannunki zai iya, amma ba duka ba.

Na tsawaita libar zuwa santimita sittin, iyakar abin da zai shiga ba tare da ta bugi allon agoguna ba. Tana da haƙora uku. In ana ja sama, tana kama kowane haƙori da kanta, za a ji ƙas, kuma ko an saki hannu ba za ta koma ba. Maɓallin sai in za a mayar da ita ƙasa ake danna shi, na kuma yi masa murfi don kada yatsa ya taɓa shi da kuskure. Wannan shi ne maganin suɓucewar da ta hana ni sukuni. Kaka Yasue, mayarwa ba aikinki ba ne, kada ki buɗe murfin a sama ko da tsohon ya yi miki daɗin baki.

A gudun da Kaka yake sauka, lissafina ya nuna haƙori na farko kilo biyar ne, na biyu goma sha ɗaya, na uku goma sha tara. Biyun farko naki ne. Da na biyu jirgin zai iya sauka a filinku in ciyawa a bushe take, kodayake zai ci fili fiye da yadda ya saba. Na ukun ya fi ƙarfinki. In ana bukatarsa, dole Kaka ya saki makunnin mai na ɗan lokaci ya ɗora hannunsa a kan naki. Na tsawaita mariƙin yadda zai ɗauki hannu biyu.

Kafin kowa ya tashi, a gwada a rumfa. Kada a ɗora buhu a kan fikafikan, domin buhu ƙasa yake dannawa, iska kuwa sama take turawa. A ɗaura igiya a bakin kowane ƙaramin fiffike, a ratsa ta kan bututun ƙarfe mai santsi a rufin rumfa, a rataya buhun wake a ɗaya bakin. Nauyin yana takarda ta huɗu. Kaka Yasue ta zauna a kujerarta da ɗamara a ɗaure, da rigar sanyin da za ta saka ranar, ta ja har sai ta gaji, sannan ta sake ja. Bayan haka Kaka ya fara gwadawa shi kaɗai, tsalle-tsalle a kan fili kamar yadda ya yi lokacin da jirgin yake sabo.

Na nemi hutu, shugabana ya dube ni ta saman tabarau ya ce sabuwar ma'aikaciya ba ta neman hutu a shekarar farko, sannan ya sa hannu. Zan iso Obihiro ranar Asabar 1 ga Nuwamba da jirgin ƙasa na rana. Kada a fara gwajin igiya sai na zo.

Ga abin da har yanzu ban sani ba, na rubuta don kada ku ɗauka na sani.

Ban san ko lissafina na iska daidai ne ba. Daga littafi na ɗauko shi, an yi shi ne don fiffike mai kama da naku, ba naku ba. Zai iya kaucewa da kashi ɗaya cikin biyar, kuma in ya kauce ta sama, haƙori na biyu ma ya kai iyakar hannun Kaka Yasue.

Ban san ko ofishin da ke ba da izinin tashi zai amsa takardar gyaran kafin ƙanƙara ba, ko zai yarda wadda ke kujerar dama ta taɓa liba. Na rubuta musu na tambaya a fili, da sunana, ban ɓoye komai ba. In sun ƙi, sun ƙi.

Ban san ranar da dusar ƙanƙara za ta zauna ba. Na duba na shekara goma, ba shekarar da ta yi kama da wata.

Ban san nawa ne ya rage a gefen idon ba, ko daga sama launukan za su rabu ko za su gauraye, ko kogin zai faɗa cikin watan. Na rufe tsakiyar tabarau da takarda na hau rufin gidanmu na gwada, na ga teku ta gefe kamar wani yana jan shuɗin mayafi a hankali, amma idona ba naki ba ne.

Na ƙarshe, Kaka Tokuji, haƙori na uku yana bukatar kilo shida daga gare ka, kuma ban san ƙarfin hannunka ba. Wata ɗaya da rabi na yi ina zaton na sani. Ka ɗaura sikelin a ƙafar tebur, ka ja da dama, Kaka Yasue ta tsaya a kanka kada ka ƙara.

An buɗe ƙofa.

Jikarku,
Kotone